Ramar Giwa

A kamfanin buga littattafan babu wanda ya damu da sanin sunanta na yanka. Giwa ake ce mata, daga Manaja har mai shara, kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Ita ke riƙe da ɗakin cin abincin ma'aikata tun kamfanin yana da inji biyu rak: ita ke cefane, ita ke girki, ita ke tsayawa bayan dogon teburin rabo da ludayi a hannu in an tashi hutun rana. Masu inji su shigo da baƙin tawada a ƙarƙashin farce, mata masu ɗinke littafi su shigo suna kakkaɓe ƙurar takarda daga mayafi, kowa ya miƙo faranti yana roƙon a ƙara masa tsoka ɗaya. Baƙon da ya leƙo ya ga yadda ta cika bayan teburin nan ba ya tambaya ko abincin da daɗi. Jikinta shi ne allon tallarta.

Gwiwoyi ne suka fara yi mata tawaye. Ta kai in ta sunkuya ɗauko tukunya sai ta dafa bango kafin ta miƙe, salla ma a kan kujera take yi. Da ta je asibiti, likita ya auna nauyinta, ya auna jininta, ya cire tabarau ya ce mata ciwon sukari bai shigo ba tukuna, amma ya yi sallama a bakin ƙofa. Ko dai ta rage jiki, ko nan gaba a riƙa tura ta a keke.

Giwa kuwa in ta sa abu a gaba sai ta ga bayansa. Ta daina hawa mota da safe, ta koma takawa a ƙasa: ta bi ta gaban masu facin taya, ta ratsa bayan kasuwa, ta iso kamfani tana haki. Ta sayi ƙaramin faranti irin na yara. Shayinta ya koma babu sukari, ɗanɗana miyar da take yi da ludayi ya koma da bakin cokali. Ba magani, ba siddabaru. Wahala ce tsagwaronta, irin wadda mai girki ce kaɗai ta san zafinta: ka yini cikin ƙamshin suya kana haɗiyar yawu, kana zuba wa wasu.

Da shekara ta zagayo, wata asuba ta ture kujerar gefe, ta kai goshinta ƙasa, ta miƙe ba ta dafa komai ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta dai kwashi kayan sawarta ta kai wa tela ya rage, domin ta gaji da yawo cikin riga kamar an rataya labule a jikin ƙusa.

Nan ne aka gan ta. Da tana cikin manyan kaya ido bai kama ba. Ranar da ta fito da riga daidai jikinta sai layin masu karɓar abinci ya yi tsit.

Babban mai inji, wanda ake kira Injiniya ko da yake bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba, shi ya fara magana.

"Kai! Giwa, wa ya sace rabinki?"

"Sadaka na bayar."

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce komai ramar giwa ta fi kwando goma, aka ƙara wata dariyar. Sai Injiniya ya matso da farantinsa, ya sassauta murya.

"A'a, tsakani da Allah. Lafiya dai ko?"

"Lafiya ƙalau. Ni na rage da kaina."

"Da kanki?" Ya dube ta kamar ta ce ita ta cinna wa ɗakinta wuta. "Mu muna nan muna neman inda za mu samo, ke kina zubarwa? Haba, Giwa. In ba za ki faɗa ba, ki ce ba za ki faɗa ba."

An ce gaskiya dokin ƙarfe ce. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa hawanta a gaban layin masu jiran abinci ba.

Washegari ɗaya daga cikin masu ɗinke littafi ta yi irin tambayar, Giwa ta canza amsa, ta ce likita ne ya ce ta rage.

"Likita?" Matar ta dafe ƙirji. "Ashe har an kai ga likita. Me ya gani?"

"Bai ga komai ba. Don kada ya gani ne."

"Haka suke cewa. Ƙanwar mijina ma haka suka ce mata, Allah Ya jiƙanta."

Ga mai shara ta gwada wasa, ta ce tsadar rayuwa ce. Kafin la'asar labari ya zagaya cewa mijinta ya daina ba da na cefane. Ga direban kamfani ta gwada shiru, murmushi kawai ta yi ta zuba masa wake. Shi kuma ya fita yana cewa baiwar Allah tana da zurfin ciki, ita kaɗai ta san abin da ke cin ta. A hankali ta gane cewa mai tambayar ramar wani ba amsa yake nema ba. Da amsarsa yake zuwa a aljihu, hannu kawai yake so ka sa masa.

Duk da haka ana ci gaba da cin abincinta. Abin da ya ɓata al'amarin kalma biyu ce, kuma daga bakinta suka fito.

Wata safiya ta iso ƙofar kamfani da jakar albasa a hannu ɗaya, jarkar mai a ɗayan, hankalinta yana kan tukunyar gas da ta ji alamar za ta ƙare. Baba Maigadi ya buɗe mata ƙaramar ƙofa. Tsoho ne mai kirki, wanda babu abin da ke shiga kamfanin ko ya fita bai gaishe shi ba.

"'Yata, an tashi lafiya? Yaya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

Sai da ta ɗan yi nisa sannan ta ji abin da ta faɗa.

To amma me za ta ce? A dubi gaisuwar nan da kyau. In an ce maka yaya aiki, ka ce da godiya. Yaya gajiya, ba gajiya. Yaya iyali, lafiya lau. Amma in an ce yaya jiki, amsa ɗaya tal aka tanada, kuma duk wanda ya ba da ita ya sa hannu ke nan cewa ba shi da lafiya. Ba a bar wa lafiyayye ƙofar fita ba. Baki ya saba, kafin kai ya farga ya riga ya ce da sauƙi. Abin haushin ma, ba ƙarya ta yi ba. Tun tana budurwa rabonta da jin sauƙin jiki irin na yanzu.

Ta juyo da kayanta a hannu. "Baba, ba fa ciwo nake yi ba."

"Na sani, 'yata, na sani. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne."

Kafin hutun rana duk kamfanin ya ji cewa Giwa ta amsa da bakinta. Daga ranar babu mai ce mata ina kwana ya tsaya nan. Yaya jiki a ƙofa, yaya jiki a bakin famfo, yaya jiki ta tagar ofis. In ta ce lafiyarta ƙalau, a ce madalla, haka ake so, ƙarfin hali ma magani ne. In ta yi tsaki, a ce a yi mata uzuri, ciwo ne ke sa ta faɗa.

Sai kuma tarin. Shekara da shekaru, duk lokacin da ta zuba barkono a mai mai zafi sai ta yi tari, ita da duk wanda ke kusa da kicin ɗin, babu wanda ya taɓa ji. Yanzu da ta rame sai kunnuwa suka buɗe. Tana yin tari a kicin, cokula su tsaya cak a ɗakin cin abinci.

Masu ɗinke littafi ne suka fara zuwa da kular abinci daga gida, wai suna tattali. Sannan masu inji suka gano cewa ashe akwai mai burodi da ƙwai a tsallaken titi. Cikin waɗanda suka rage, sai ka ga mutum ya karɓi cokali ya goge shi a gefen rigarsa mai tawada, a ganinsa rigar ta fi tsabta. Shinkafa ta fara kwana a tukunya. Giwa ta rage awo, ta sake ragewa, har babbar tukunyar ta koma kan kabad ta kife.

Wata rana tana cikin sito tana jera gwangwanayen tumatir, sai ga Akawu, matar da ke ofishin albashi, ta shigo ta tura ƙofa a hankali. Mace ce mai jiki ita ma, mai yawan turare, kuma tana cikin na farko da suka daina cin abincin.

"Anti Giwa, sannu da aiki." Ta leƙa waje, ta dawo da kai. "Don Allah wata tambaya, amma ta tsaya tsakaninmu. Yaya kika yi?"

"Na yi me?"

"Wannan." Ta zana siffar jiki da hannu biyu a iska. "Me kika sha? Shayin nan ne da ake talla a waya?"

Giwa ta ajiye gwangwanin hannunta. "Au, ba ciwo nake yi ba ke nan?"

"Haba, Anti, ni ai na sani. Mai ciwo ba ya hawa bene da tire yadda kike hawa. Ni ma gwiwar ce, wallahi. In na hau ofis sai na zauna na huta kafin in kunna kwamfuta."

Giwa ta ji wani sanyi a ranta, ga dai mutum ɗaya da ya zo da kunne. Ta kwashe komai ta gaya mata, tafiyar ƙasa, farantin yara, shayi ba sukari. Tana magana fuskar Akawu tana faɗuwa.

"Shi ke nan? Ba wani abin sha?"

"Ruwa."

"Kai, Anti, ki dai faɗa mini gaskiya. Ba zan gaya wa kowa ba."

"To zo gobe da asuba mu taka tare, ki ga gaskiyar da ƙafarki."

"Da asuba?" Akawu ta gyara mayafi. "To, zan duba. Kada dai ki ce na zo."

Ana saura kwanaki kaɗan wata ya ƙare Manaja ya aiko a kira ta. A ƙarshen watan ne yarjejeniyarta da kamfani ke cika, kuma duk shekara a tsaye ake sabunta ta, ko zama ba a yi. Wannan karon ya nuna mata kujera. Akawu tana gefe tana jera masa fayil.

Giwa ba ta zo hannu rabbana ba. Ta riga ta koma asibiti an yi mata gwajin ƙirji da na jini, duk abin da ake yi wa mai dafa wa jama'a abinci. Ta ajiye masa sakamakon a kan tebur. Ya karanta har ƙasa, ya gyaɗa kai.

"Ni fa na yarda da ke, Giwa. Ni ba jahili ba ne."

"To, ranka ya daɗe, a liƙa a bango kowa ya gani."

"Ai nan ne za ki ƙarasa ɓata abin. Lafiyayye yana liƙa takarda? Cewa za su yi, in babu rami me ya kawo maganar rami." Ya jingina, kujerar ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. "Matsalar ita ce ciki bai iya karatu ba. Mutum in ransa bai kwanta da hannun da ya dafa ba, ko me ka nuna masa ba zai ci ba. Ma'aikatana suna tsallaka titi, suna dawowa a makare, inji yana tsaye. Ga wasu masu abinci daga waje suna ta sintiri suna neman wurin. Ban amsa musu ba, saboda ke tamu ce."

"Ranka ya daɗe, lafiyar da nake da ita yau ban taɓa samun irinta ba. Tambayi Akawu. Ita da ƙafarta ta same ni a sito tana tambayata yadda na yi, don ita ma tana so."

Manaja ya waiwaya. Akawu ta ƙura wa fayil ido kamar yau ta fara ganinsa.

"Ni dai duba ta na je yi, ranka ya daɗe. Haƙƙin zaman tare."



"Kin gani?" in ji Manaja, da muryar lallashin nan da ta fi zagi ciwo. "Kowa yana tausayinki. Ga abin da zan yi. Zan ɗaga miki ƙafa zuwa wani lokaci. In kin murmure, jiki ya dawo, mutane suka dawo, wurinki ne. In kuwa abin ya ci gaba, sai ki je gida ki huta. Lafiya ai ta fi komai."

"Ita ce ai na samo, ranka ya daɗe."

"Allah Ya ƙara sauƙi," in ji shi, ya jawo wani fayil.

Da ta koma gida ta tarar da yayarta ta zo, ta baje a kan doguwar kujerar falo, ta cika ta dam kamar yadda Giwa ke cika ta a da. Maigidan yana gefe yana kwance fankar da ba abin da ya same ta. Tun kafin ta ajiye jaka ya fara.

"Gara da kika dawo. Ki gaya wa Yaya da bakinki ko na taɓa hana ki abinci. Ni ma fa na gaji. Yau a gareji wani ya ja ni gefe yana mini wa'azi a kan haƙƙin iyali. Ni! Mutumin da ya koma shan shayi kamar ruwan wanki don ya yi miki kara."

"Kai dai yi shiru, ba da kai nake ba," in ji Yaya. "Ke, Auta, matso in gan ki. Innalillahi. Wuya kamar mariƙin lema. Da Inna tana raye ta ga wannan, ai da ta ce an sauya mata ke a asibiti."

Giwa ta zauna ta ba su labarin ofishin Manaja. Yaya ta saurara tana fifita da murfin kwali.

"To ai abin bai kai ya kawo ba. Ki ci abinci. Ke da kike yini cikin tukwane? Ki riƙa shan madara kafin ki kwanta, ki daina wannan yawon kamar wadda aka kora, nan da nan sai ga ki kin dawo mutum."

Giwa ta sauka daga kujera ta durƙusa a tsakar falon, ta zauna a kan dugaduganta, ta miƙe tsaye hannuwanta a ƙugu. Ta sake durƙusawa, ta sake miƙewa.

"Yi, Yaya."

"In yi me?"

"Abin da na yi."

"Ke, ba na son rashin kunya. Ni sa'arki ce?"

"Ba za ki iya ba. Ni ma bara ba na iyawa. Wannan kike so in mayar don Injiniya ya ji daɗin cin wake?"

Maigidan ya duƙufa a kan fankarsa. Yaya ta ajiye murfin kwalin.

"To ji nan. Laifinki ɗaya ne, kin ce da gangan kika yi. Wanda ya rame don ciwo, tausayinsa ake ji. Wanda ya rame don babu, a taimaka masa. Amma ki dubi mutum da tumbinsa, farantinsa a cike, ki ce masa ke da kanki kika rage? Ai zaginsa kika yi. Ni ɗin nan yanzu da kika yi mini wannan tsalle-tsallen, kina tsammanin daɗi na ji? Gara mutum ya ce ciwo ne, ya ci abincinsa hankali kwance. Ki ba su ciwon da suke so, mai suna, wanda ba a ɗauka. Sannan ki ba su warkewa."

"Warkewar ai ita ce ƙibar."

"To, ni nan dabarata ta ƙare."

Giwa ta koma ta zauna, ranta yana tafasa. Ta rasa inda za ta sa idonta, sai ya sauka a kan rigar Yaya, wata zabgegiya mai ruwan toka da za ta iya rufe ƙaramar mota. Ta daɗe tana kallonta.

"Yaya, irin wannan rigar, kina da wasu a gida?"

Da Baba Maigadi ta fara, tunda shi ne gidan rediyon kamfanin.

"Baba, jiya likita ya gano abin. Gyambon ciki ne. Ya ce ba a ɗauka, kuma an shawo kansa."

Tsohon ya washe baki kamar an yi masa albishir da haihuwa. "Na faɗa! Wallahi na faɗa wa direba, na ce wannan ramar ta gyambon ciki ce, na san ta a jikin ƙanena. Kai, alhamdulillahi. Ai gara da kika faɗa, 'yata. Ɓoye ciwo ba ya maganinsa."

Abin da takardar asibiti mai hatimi ta kasa, ƙarya guda ta gama shi kafin azahar.

Sauran aikin kuwa yadda take sa gishiri a miya ta yi shi, kaɗan-kaɗan, tana ɗanɗanawa. Da farko rigar sanyi mara hannu a ƙarƙashin riga. Bayan kwana biyu zani na biyu a ƙugu, an ninka shi. Sai tawul a kan kafaɗu. Da abin ya fara tauri sai ta ɗora rigar Yaya a sama, ta sauko da ɗankwali ya rufe gefen fuska, ta naɗa gyale a wuya. Ba za ta iya tafiyar safe da wannan lodin ba, don haka a jaka take ɗauko shi, ta tsaya a bayan rumfar matar da take sayen albasa a wurinta ta shirya, matar tana tsare mata hanya tana dariya har da hawaye. Fuskar dai tana nan yadda take. Amma mutane ba fuska suke kallo ba, faɗin nan da ya saba tare musu hasken taga suke nema.

Direba ne ya fara lura. "Kai, jama'a, ku zo ku gani, Giwa ta fara komawa daji!"

"Maganin ya karɓe ta," in ji mai shara.

Kulolin gida suka fara raguwa. Mai burodin tsallaken titi ya koma gyangyaɗi da rana. Babbar tukunya ta sauko daga kan kabad. Matar da ƙanwar mijinta ta rasu ta dawo da farantinta, ta ce ita dama tun farko ta san ba wani abin tsoro ba ne. Akawu ta fi kowa murna. Ta tsaya a gaban tebur ta dubi Giwa sama da ƙasa, ta sauke ajiyar zuciya.

"Ashe dai dawowa yake yi, Anti. Dama na ce abin nan ba ya ɗorewa. Ƙara mini shinkafa."

Giwa ta ƙara mata, har da ta haushi.

Abin da ba wanda ya gani shi ne kicin. Murhu uku suna ci, tururi yana tashi, ita kuma tana tsakiya cikin rigar sanyi da tawul. Kafin a tashi hutun rana ta jiƙe sharkaf tun daga wuya har ƙwauri. Ƙuraje suka feso mata a baya da ƙarƙashin hammata. Wani lokaci sai ta ga tukwanen suna juyawa, ta buɗe firji ta tura kanta ciki ta tsaya. Ta sauke nauyin da ya yi shekaru yana danne ta, ga shi yanzu kullum da safe ita ke ɗaura wani da hannunta.

Ranar da Manaja ya sauko ɗakin cin abincin da kansa, layi ya kai har bakin ƙofa. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga murya ya ce kamfani ya sabunta wa Giwa wurinta, masu neman ƙwace shi su nemi wani. Aka yi sowa, ana buga cokula a kan tebur.

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Ba komai. Kin ga amfanin bin shawara." Ya ɗan ja baya ya ƙare mata kallo, irin kallon mai sayen rago. "Amma fa da saura. Ba ki kai Giwarmu ta da ba. A ci gaba da ƙoƙari."

"Mun yi maganin wannan, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. Ya ratso layin da kwali a kafaɗa, ya dire shi a kan teburin rabo. Ma'aikata ne suka yi karo-karo, in ji shi, suka sayo mata madarar gwangwani mai zaƙi, kwali guda cur, don ta ƙarasa murmurewa. Bai tsaya nan ba. Ya fasa ɗaya da bakin wuƙa, ya juye a kofi, ya ɗiga ruwa kaɗan don kada a ce bai sa ba, ya miƙo mata da hannu biyu.

"Bisimilla. A gabanmu za ki sha, mun san halinki da ƙin cin abinci."

Ta karɓi kofin. Kaurinsa har cokali zai iya tsayawa a ciki. Ta dubi layin, fuskoki duk a sake, babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Wannan ne ma ya fi ƙona mata rai, domin da mugunta ce da ta san yadda za ta yi da ita. Manaja yana tsaye yana jira. Ta kai kofin baki, ta kurɓa, ta riƙe a bakin ba ta haɗiye ba.

"Kun gani?" in ji Injiniya yana nuna ta. "Wallahi har kumatun sun fara cikowa!"

Aka tafa. Ta ɗaga hannu ta nuna kicin, alamar wani abu yana ƙonewa, ta shige da kofin. Ta tofar a wurin wanke-wanke, ta juye sauran, ta sakar masa famfo. Zufa tana bin tsakiyar bayanta tana sukar ƙurajen kamar allura. Ta jingina da bango, ta laluba cikin zannuwan ta ciro waya.

"Yaya, an sabunta."

"Alhamdulillahi! To me ya sa muryarki haka?"

"Sun ce da saura. Ki aiko mini da rigar nan mai ruwan ƙasa, babbar."

"Ke, Auta, dafa kanki za ki yi fa."

"Ki dai aiko."

Daga waje wani yana kiran a zo a ƙara masa miya. Ta gyara tawul ɗin da ya zame daga kafaɗarta, ta ɗauki ludayi ta fita.